Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jigawa, Malam Umar Namadi, Kan Masu Farfaɗiya

Mai Girma Gwamna,

 Ina yi maka addu'ar Allah ya taya ka riƙon wannan amana da ka ɗauka tun ranar 29 ga Mayun 2023. Ni malamin firamare ne, mutumin Kanya Babba a Ƙaramar Hukumar Babura, kuma na kusa ajiye alli. Ban taɓa rubuta wa mai mulki takarda ba. Wata yarinya ce ta sa na ɗauki alƙalami, ita da ire-irenta da ke zaune a ɗakunan iyayensu daga nan har Kazaure, Roni da Gwiwa, waɗanda muryarsu ba ta kai ƙofar gida ba balle Dutse.

A wani ƙauye da aka taɓa tura ni koyarwa abin ya faru, da hantsi, cikin hunturu. Ina rubutu a allo na ji ƙara guda ɗaya a bayana, irin wadda ba ta yi kama da kuka ba, ba ta yi kama da kira ba. Kafin in waiwaya ɗalibata 'yar aji huɗu ta sandare ta zube tsakanin benci biyu, jikinta na fizga, kumfa na fita ta gefen bakinta. Aji ya watse. Wasu ta ƙofa, wasu ta taga, wani yaro na ihu yana cewa, "Kar ku taka yawun! Kar ku taka yawun!" Hijabinta ya naɗe mata a wuya, zanenta ya yaye. Ranka ya daɗe, zan faɗa maka gaskiya: ni ma na tsaya. Da karatuna da furfurata na tsaya, saboda tsoron da aka shayar da ni tun ina yaro ya riga hankalina isa ƙafafuna. Sai da na ji kanta ya bugi ƙafar benci sannan na matsa. Na ture bencin, na naɗe babbar rigata na sa mata a ƙarƙashin kai, na sassauta hijabin, na ja zanen na rufe ta. Bai fi minti biyu ba jikin ya lafa. Da ta buɗe ido ba ta san inda take ba, ta jiƙe da fitsari, kuma abin da ta fara gani shi ne tagogi cike da fuskokin 'yan ajinsu.

Da azahar wani ya kawo kara ya ƙona a daidai inda ta faɗi. Mako ya zagayo babu wanda ya yarda ya zauna a bencin nan. Iyaye biyu suka zo suka ce ko ita ko 'ya'yansu. Ba wanda ya kore ta. Mahaifinta ne ya ce da ni, kansa a sunkuye, "Malam, gara ta zauna a gida, abin ya ishe mu kallo."

Bayan shekara biyu na sake ganinta a kasuwa, hannunta na dama daga gwiwa zuwa yatsu duk tabon wuta. Ciwon ya tashi tana suyar awara, ta faɗa kan murhu, kuma waɗanda ke kusa suka ja baya suna salati har sai da uwarta ta fito a guje daga ɗaki. Uban ya lissafa mini abin da ya kashe: awaki biyu, damin gero da ya manta adadinsu, rubutu, hayaƙi, turare, ruƙiyya, tafiya wajen wani mai magani a tsallaken iyaka. Daga ƙarshe wani ɗan'uwansu ya kai su wajen likita a Kano, aka rubuta mata 'yar ƙwaya da za ta riƙa sha kullum. Wata takwas ba ta faɗi ba. Maƙwabta da suka ware mata kwano suka fara turo 'ya'yansu su yi wasa da ita. Sai maganin ya ƙare, kuɗin mota ya gagara, ciwon ya dawo, kwanon ma ya koma inda yake.

Wannan wata takwas ɗin nake so ka duba, ranka ya daɗe, domin duk abin da zan roƙa a cikinsa yake.

Na san abin da mutanenmu ke faɗi game da farfaɗiya, don a cikinsu na tashi. Ana cewa iska ce ta buge shi, ko shafar aljanu ce, ko jifa aka yi masa. Idan jariri ne ya yi jijjiga sai a ce tsuntsu ne ya gifta. Ana cewa wanda ya taɓa yawun ko ya shaƙi tusar mai ciwon ya ɗauka. Ana tura cokali a baki wai kar ya haɗiye harshe, a ɗura masa ruwan rubutu yana cikin fizga, a tura masa hayaƙi a hanci. Idan aka zo binciken aure kuwa, farfaɗiya na cikin abubuwan da ake tambaya da raɗa, tare da kuturta da hauka, kuma ciwon yarinya ɗaya kan hana ƙannenta uku miji. Ba mu kaɗai ba ne. Wani bincike da likitoci suka yi a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi cikin birnin Kano, aka wallafa a 2005, ya tarar kusan rabin waɗanda aka tambaya sun fi gamsuwa da maganin addu'a, kusan ɗaya cikin uku ne kawai suka ce asibiti. A unguwar da ke maƙwabtaka da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ke nan.

Duk da haka ba na yarda da masu zuwa daga birni su tara mu a inuwa su ce matsalarmu jahilci ce, su raba takarda su tafi. Mahaifin yarinyar nan ba jahili ba ne, mutum ne da ya sayar da awakinsa don 'yarsa. Ya je inda ƙofa ke buɗe ne. Malamin unguwa yana nan kusa, ya san sunan yarinyar, zai karɓi kaza ko ya jira kaka. Likita kuwa yana bayan mota biyu da layi da kati. Kuma ranar da mutanen ƙauyen suka ga ƙwaya ta tsayar da faɗuwa, ba wanda ya yi musu lacca, da kansu suka sauya. Gani ya kori ji. Camfi yana yin kauri ne a inda magani bai taɓa zama ya daɗe ba.

Abin da likitoci suka tabbatar a bayyane yake. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ne, saƙonnin da ke gudana a cikinta ne ke rikicewa na ɗan lokaci, kuma ba a ɗaukarta ta yawu, ko numfashi, ko kwano, ko shimfiɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ne ke da ita a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe irin namu, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan suka samu magani daidai suka dawwama a kansa. Maganin ba sabo ba ne. Tun 1912 ake amfani da phenobarbital, ga carbamazepine da likitocinmu suka saba rubutawa. Farfesa Lukman Owolabi na Kano da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi a Najeriya suka ƙiyasta mutum 8 cikin kowane 1,000. Babura kaɗai ta haura mutum 200,000 a ƙidayar 2006. Ko da wannan tsohon lissafi aka tsaya, ana maganar mutum 1,600 ke nan a ƙaramar hukuma ɗaya. Binciken gida-gida da aka yi a Gwandu ta Jihar Kebbi, ƙasar Hausawa da Fulani manoma kamar tamu, ya samu ninki biyu na wannan, kuma mafi yawansu ba sa kan maganin asibiti.

Yanzu bari in kawo maganar makantar rafi, wadda wataƙila za ka ce me ya haɗa ta da mutanen jigawa da rairayi.

Baƙin ƙuda ne ke yaɗa ta, ɗan ƙarami da ke hayayyafa a ruwa mai gudu da ƙarfi, kan duwatsu da ganyayen da ruwa ke duka. Idan ya ciji mutum sai ya bar masa tsutsa, ta girma ta yi ƙullutu a ƙarƙashin fata, ta rayu har kusan shekara 15 tana zuba 'ya'ya dubbai. Su ne ke kawo ƙaiƙayin da ke hana barci, su ɓata fata, su ci ido. Wannan an daɗe da sani. Abin da ya fito fili daga baya shi ne, a garuruwan da cutar ta yi katutu, farfaɗiya ma takan yi yawa fiye da ƙima. A Mahenge ta Tanzaniya, tun wajen 1960 wata likita mai suna Louise Jilek-Aall ta ga yara masu wani irin ciwo da kansu ke ta faɗuwa gaba kamar masu gyangyaɗi, sau da yawa da zarar an ajiye musu abinci. An sake ganin irinsa a Kitgum da Pader na arewacin Yuganda, da Mundri da Maridi a Sudan ta Kudu. A kwarin Mbam na Kamaru an bi sawun yaran da aka auna yawan tsutsar a fatarsu shekaru da dama baya, aka tarar waɗanda suka fi ɗauke da ita su suka fi kamuwa da farfaɗiya. Yawanci yaro ne lafiyayye, tsakanin shekara 3 da 18, ciwon ya far masa haka kawai, wani lokaci biyu ko uku a gida ɗaya. Masana na ci gaba da muhawara kan hanyar da tsutsar ke bi ta taɓa ƙwaƙwalwa, amma a arewacin Yuganda, da aka koma raba maganin tsutsar sau biyu a shekara aka kuma zuba wa rafuka maganin ƙudan daga 2012, sabbin masu ciwon gyaɗa kan suka ƙare.

Ka san me mutanen can suke cewa kafin wannan? Abin da muke cewa. Maita, fushin kakanni, la'ana, kar a taɓa yawu, kar a ci da shi. Gidan da yara uku suka kamu aka ce zuri'ar ce ta lalace, alhali laifinsu kawai gidansu ya fi kusa da ruwa.

Ba na cewa ƙudan rafi ne ya kayar da ɗalibata. Ƙasarmu rairayi ce, ruwanmu na damina ne, ya zo ya wuce. Abubuwan da suka fi kusa da mu a cikin musabbaban farfaɗiya mun san su da suna: doguwar naƙuda a gida da ke hana jariri numfashi, zazzaɓin cizon sauro da ke hawa kai, faɗuwa daga babur ba hular kwano, da sanƙarau. Ba mu manta ba, a ɓarkewar sanƙarau ta 2022 zuwa 2023 Jigawa ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma yaron da ya tsira daga sanƙarau wani lokaci da farfaɗiya ko kurumta yake tashi. Sai dai mu mutanen ci-rani ne. Samarinmu na noma da kamun kifi a Taraba da Adamawa da Neja, wasu da iyalansu, almajiranmu na bin malamansu har inda ruwa ke gudu rani da damina, kuma Taraba, musamman wajen Gashaka da Bali, sananniya ce da wannan cuta. Jigawa kanta tana cikin jihohin da aka yi shekaru ana raba maganinta. Ma'aikacin lafiyar da aka kawo wa yaro mai faɗuwa ya kamata ya san ya tambaya: ina kuka zauna, akwai ƙaiƙayi, akwai ƙullutu a kwankwaso?

Amma babban abin da yaƙi da makantar rafi ya bar mana shi ne hanya. A 1987 kamfanin Merck ya ce zai ba da maganin tsutsar, Mectizan, kyauta har sai cutar ta ƙare. Maganin ba ya kashe uwar tsutsar, 'ya'yan yake kashewa, don haka dole a sha duk shekara har kusan shekara goma sha biyar. Wa zai kai ƙwaya kowane lungu na shekara goma sha biyar? Amsar da shirin Afirka na yaƙi da cutar ya kafu a kanta daga 1995 ita ce: mutanen gari da kansu. Gari ya zaɓi nasa, a koya masa, a ba shi littafi da sanda. Na riƙe irin sandar nan da hannuna, a makaranta da cikin gari. Itace ce mai zane-zane, mutum ya jingina da ita, inda kansa ya tsaya shi ke faɗin ƙwaya nawa zai sha, daga ɗaya zuwa huɗu, wanda bai kai zanen farko ba a ce ya bari sai ya girma. Ba sikeli, ba likita, ba kati. Mai rabon ya san gidan da mai ciki take, ya san wanda ya tafi ci-rani a ajiye masa nasa. Maƙwabtanmu da ke hayin iyakar Babura sun haɗa feshin rafuka daga 1976 zuwa 1989 da rabon ƙwaya daga baya, ga shi ranar 30 ga Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Jamhuriyar Nijar ta rabu da makantar rafi, ita ce ta farko a Afirka. A gida ma, Filato da Nasarawa sun kai matsayin daina rabon maganin tun 2018.

Ranka ya daɗe, littafin nan da ya shiga kowane gida, da masu rabon maganin zazzaɓin damina da ke ƙwanƙwasa mana ƙofa wata-wata daga Yuli, su ne roƙona na farko. A ƙara musu tambaya ɗaya, a koya musu yadda za su yi ta da ladabi, mace ta tambayi mace a cikin ɗaki: akwai mai faɗuwa a gidan nan? A fara da Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa. Mutane za su ɓoye da farko, na sani. Amma idan suka ji cewa bayan tambayar akwai magani, za su biyo mai littafin har gida.

Shi ya sa kada a yi tambayar sai an tanadi maganin. Wannan ne roƙon da ya fi nauyi a zuciyata. Maganin farfaɗiya ba irin Mectizan ba ne da za a auna da sanda a miƙa sau ɗaya a shekara. Sai an duba mutum an tabbatar farfaɗiya ce, a zaɓar masa wanda ya dace, a riƙa daidaita shi. Akwai wanda ke illa ga ɗan da ke ciki, kamar valproate, akwai wanda dole a tsare shi da rajista saboda masu shaye-shaye. Kuma yanke shi kwatsam yana iya tayar da jijjigar da ba ta tsayawa har ta kashe. Wato ba da magani na wata uku a bari ya yanke, wani lokaci ya fi rashin farawa haɗari. Abin da nake nema shi ne ma'aikacin lafiya ɗaya a asibitin matakin farko na kowace mazaɓa da aka horar kan wannan ciwo, da rajistar marasa lafiyarsa, da ranar da suka san za su zo kowane wata su tarar da ƙwayarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin horar da ƙananan ma'aikata kan haka tun 2008, kuma a 2022 ƙasashen duniya suka amince da shirin shekara goma kan farfaɗiya. Muna da makarantar koyon aikin jinya da ungozoma a nan Babura. Muna da likitoci a Babban Asibitin Babura da na Kazaure da za su riƙa zagayawa suna duba masu wuya. Ina kuma roƙon hukumar inshorar lafiya ta jiha, JICHMA, ta sa masu farfaɗiya cikin marasa galihun da gwamnati ke biya wa, domin mutumin da ba a ɗauka aiki, ba a saya a hannunsa, ba shi da inda zai samo kuɗin magani na kullum.

Akwai asibitin masu taɓin hankali a Kazaure, kuma Allah ya saka wa ma'aikatansa, suna ganin masu farfaɗiya. Sai dai a yankinmu idan aka ce an kai wane Kazaure, kowa ya san fassarar da ake yi. Uban da ke da 'ya'ya mata biyar zai gwammace ya ɓoye ciwon da a ga ya bi ta ƙofar nan. Mai farfaɗiya ba mahaukaci ba ne. A ba shi maganinsa ta tagar da ake ba mai hawan jini da mai ciwon suga nasu, a layi ɗaya, kowa na gani.

Maganar malamai kuwa, kada a yi faɗa da su, ba za a ci riba ba, kuma ba su cancanci haka ba. A cikin littattafansu maganin camfin yake. Kowane almajirin hadisi ya san labarin baƙar matar nan mai farfaɗiya da ta je wajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta kai kukan ciwonta da yadda jikinta ke yayewa idan ya tashi, aka yi mata albishir da Aljanna a kan haƙurinta, ta roƙi a yi mata addu'a kada ta riƙa yayewa, aka yi mata. Ibn Abbas da kansa ya nuna wa ɗalibinsa Aɗa'u ita a matsayin 'yar Aljanna mai tafiya a doron ƙasa. Tana cikin mutane, ba wanda ya ware mata kwano, ba wanda ya ƙona inda ta faɗi. Ibn Ƙayyim ma, da ake yawan kafa hujja da shi wajen ruƙiyya, ya ce akwai nau'in farfaɗiyar da ke fitowa daga jiki, wanda aikin likitoci ne. Duk lokacin da na tuna zanen ɗalibata da fuskokin da ke taga, matar nan nake tunawa, da abin da ya fi damunta. Idan ka nemi Masu Martaba Sarkin Kazaure da Sarkin Ringim su sa limamai su yi huɗuba guda a kan wannan, su ƙare ta da abin da ake yi wa wanda ya faɗi, za ta isa inda takardar gwamnati ba ta isa. Abin ba shi da yawa: a janye shi daga wuta da ruwa, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a suturta shi, kada a danne shi, kada a sa masa komai a baki, idan ya lafa a juya shi ta gefe, idan ya wuce minti biyar yana fizga a nemi mota. A koya wa malaman firamare da na islamiyya haka nan, a kuma rubuta a aika wa kowace makaranta cewa farfaɗiya ba ta fitar da yaro daga aji.

Jihar da ta iya ɗauko mai naƙuda daga ƙauye cikin dare da motar shirin Haihuwa Lafiya, wadda kuma ta kasance cikin na farko a duniya da aka yi wa yaranta sabuwar allurar sanƙarau a 2024, ba za ta kasa ajiye kwalbar ƙwaya a Kanya Babba ba.

Yarinyar yanzu ta zama budurwa. Da sallar da ta wuce na biya ta ƙauyensu, na same ta a tsakar gida tana saƙar hula da hannun nan mai tabo, nesa da murhu, don an hana ta girki da zuwa rijiya. Har yanzu tana iya karatu. Ta kawo mini tsohon kwalin maganin, ta adana shi cikin jakar leda tare da littafinta na aji huɗu, ta nuna mini sunan da ke jiki ta ce, "Malam, idan ka shiga birni ka tambayo mini nawa yake yanzu." Na tambayo, na saya mata na wata biyu. Zai ƙare kafin kaka.

Allah ya taimake ka, ya sa ka gama lafiya.

Naka,
Malamin firamare,
Kanya Babba, Ƙaramar Hukumar Babura.